Injin Camry ya buga: a kwance a gyara, a sayi na Beljiyam, ko a sayar da motar?

"Assalamu alaikum Malam. Ina da Toyota Camry ƙirar 2008 mai silinda huɗu. Ta daɗe tana shan baƙin mai, nakan ƙara mata kafin lokacin juye ya yi. Makon jiya a hanyar Zariya zuwa Kano jar fitilar mai ta kama, sai na ce bari in lallaɓa in kai Kwanar Dangora. Kafin in kai na fara jin ƙwanƙwasa a cikin inji, in na taka totur sai ƙarar ta ƙaru. Na tsaya, aka jawo ta gida. Bakanikena ya ce inji ya buga, a kwance a yanka karanshaf a sa metal da ringi. Wani kuma ya ce kada in ɓata kuɗina, in sayi injin Beljiyam, wanda kuɗinsa ya kusan ninka na gyaran. Yayana ya ce in sayar da ita yadda take in huta. Jikinta da giyarta lafiya lau. Wace shawara za ka ba ni?" Daga wani mai karatu a Zariya.

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya mayar da alheri. Tambayarka ita ce inda za ka zuba kuɗinka tsakanin hanyoyi uku: a kwance injin a sake haɗa shi, a sayo wani da aka yi aiki da shi a ƙasar waje, ko ka rabu da motar. Kowane cikin mutum ukun nan yana iya yin daidai. Sai dai daga yadda ka kawo labarin, babu wanda ya buɗe injin ya auna komai tukuna. Injin da aka ce ya buga yana iya kasancewa metal ɗaya ne (siririn ƙarfe mai santsi da karanshaf ke juyawa a cikinsa) ya cinye kuma karanshaf (babbar sandar ƙasan inji da fistin ke juyawa) bai ji jiki sosai ba, yana kuma iya kasancewa kwanrod (sandar da ke haɗa fistin da karanshaf) ya lanƙwashe ko ya karye ya tsaga bulok, wato gangar jikin injin. Tsakanin waɗannan biyun akwai tazarar kuɗi mai yawa, kuma kunne ba ya raba su. Ni ban ga motar ba, ban ji ƙarar ba, don haka abin da zan iya shi ne in nuna maka abin da za a duba, da yadda sakamakon dubawar zai zaɓa maka hanya.

Abin da ya faru a cikin injin

Injin motarka shi ne 2AZ-FE, mai lita 2.4. Karanshaf ɗinsa yana juyawa ne a cikin metal, amma ba ya taɓa shi. Tsakaninsu akwai rata da ba ta kai kaurin gashin kai ba, wajen 0.02 zuwa 0.06 na milimita, kuma famfon mai ne yake cusa baƙin mai cikin wannan ratar da ƙarfi. A kan man karanshaf yake yawo. Famfon yana zuƙo mai daga kaskon ƙasa, wato sam, ta wata rariya. Idan mai ya yi ƙasa har rariyar ta fara zuƙar iska, ƙarfe ya haɗu da ƙarfe ke nan. Metal ɗin kwanrod ne yake fara shan wahala, don shi sai mai ya bi ta manyan metal, ya ratsa ramukan cikin karanshaf sannan ya iso gare shi, kuma shi ne yake karɓar dukan fistin kai tsaye. Sai ya yi zafi, ya narke, ya manne da karanshaf, ya fara juyawa a cikin bakin kwanrod. Ratar da ta buɗe ita ce ƙwanƙwasar da ka ji.

Jar fitilar nan ba ta auna yawan mai. Ƙarfin turinsa take aunawa, kuma ba ta kamawa sai turin ya kusa ƙarewa gaba ɗaya. Duk tafiyar da aka yi bayan ta kama, a kan busasshen ƙarfe aka yi ta. Shi ya sa nake kyautata zaton ɓarnar taka ta wuce metal kaɗai.

Shan man da ka ambata kuwa tsohon ciwo ne a wannan injin, musamman waɗanda aka ƙera tsakanin 2007 da 2009. Ringin mai, wato na ƙasa a cikin ringi ukun da ke jikin kowane fistin, yakan daskare da gawayi a cikin gurbinsa, ƙananan ramukan da ke mayar da mai sam su toshe, sai man ya rinƙa hawa sama yana ƙonewa da fetur. Sau da yawa ba a ganin hayaki a salansa sai abin ya yi nisa. Kamfanin Toyota da kansa ya aika wa dillalansa na Amurka takarda a kan matsalar a 2011, ma'aunin da ya sa shi ne shan kusan lita ɗaya a ƙasa da kilomita 2,000, maganin da ya bayar kuma shi ne a sauya fistin da ringi duka. Ka riƙe wannan, don zai yi tasiri a zaɓinka. Injin gaba ɗaya kimanin lita 4.3 yake ɗauka har da filta, saboda haka wanda ke shan mai haka zai iya kaiwa ga bushewa kafin juye na gaba.

Akwai wasu dalilan da ya kamata a nema ko da an ga wannan: jabun mai, jinkirin juye har mai ya zama kwalta ya toshe rariya, gam da wani ya lafta da yawa lokacin rufe sam ya gutsure ya shiga rariyar, ko filta marar kyau. Idan ba a gano dalilin ba, kowane inji aka sa zai bi sahun na farko.

A duba kafin a yanke shawara

Kada a sake tayar da motar don wani ya saurari ƙarar. Kowace tayarwa tana ƙara cin karanshaf, kuma metal ɗin da ya riga ya juya yana iya sakin kwanrod a kowane lokaci.

A cire fulogi huɗun, a sa sifana a notin fulin karanshaf a juya da hannu. Idan ya zagaya sau biyu sumul, madalla. Idan ya cije a wani wuri ko ya ƙi motsi, ɓarnar ta yi yawa. Sannan a juye man a cikin roba mai tsabta a fita da ita rana. Ƙyalƙyali kamar garin azurfa ko jan ƙarfe na metal ne. A zura maganaɗisu: abin da ya kama ƙarfen karanshaf ne ko na kamshaf (sandar da ke buɗe bawul), wanda bai kama ba na metal ne ko jikin fistin. A buɗe filtar a miƙe takardar cikinta a ga yawan abin da ta tare. A leƙa lagireto da murfin mai, ko akwai alamar ruwa ya haɗu da mai.

Bayan haka a sauke sam. A wannan injin akwai sanduna biyu masu rage girgiza a ƙarƙashin karanshaf da ke tare hanya, don haka kaiwa ga kwanrod ya ɗan fi na wasu motocin wuya, wani bakaniken ma zai fi son ya sauke injin gaba ɗaya. Babu laifi a wannan, tunda ko gyara ko sauyi dole injin ya fito. Ka yi ciniki da shi a kan kuɗin saukewa da buɗewa kaɗai, ka gaya masa sai an auna za ka faɗi abin da za a yi. Ka je da kanka ka gani.

Abin da za ka duba a fili yake. Wuyan karanshaf inda metal ɗin ya ci: idan ka ja farce a kai ya sarƙe, sai an yanka. Idan ya yi shuɗi ko baƙi, zafi ya shige shi, ƙarfen yana iya yin laushi ko tsagewa ko lanƙwasa. Bakin kwanrod: idan metal ya juya a ciki, wannan kwanrod ɗin ya tashi aiki, don bakin ya daina zama da'ira. Cikin silinda: ko akwai zane mai zurfi daga sama zuwa ƙasa, ko tudu a bakin sama da farce ke kamawa. Gurbin manyan metal a jikin bulok: idan nan ma wani ya juya, bulok ɗin ne da kansa ya lalace, kuma gyaransa yana son injin da ba kowane wuri ake da shi ba.

Wani zai ce maka a sa sabon metal kawai ta ƙasa, a zuba mai mai kauri, a ci gaba. Wannan yana yin aiki ne kawai idan ƙarar ta fara ke nan, wuyan karanshaf yana nan santsi, kuma awo ya nuna bai zaizaye ba. Ga wanda ya yi tafiya da jar fitila, sabon metal a kan wuya mai kaushi ba ya jimawa.

Kwance inji a sake haɗawa

Gyaran inji ya yi baƙin suna a wurinmu, mutane suna cewa injin da aka buɗe ba ya komawa daidai. Laifin ba na gyaran ba ne, na yadda ake yinsa ne: a ƙasa cikin ƙura, babu awo, da kayan jabu, da ɗaurin noti na ƙarfin hannu. Injin da aka haɗa bisa awo yana iya fin na Beljiyam ƙarko, don ka san abin da ke cikinsa.

Ana farawa ne da karanshaf. Masu yankansa za su auna kowane wuya da maikuromita, wato ma'aunin kauri mai kama ɗan ƙanƙanin bambanci, a wurare da dama, su duba ko ya lanƙwashe, su duba tsagewa. Yanka na farko 0.25 na milimita ne, wanda bakanikai ke kira 010, na biyu 0.50, wato 020. Sai an yanka an sake aunawa sannan a sayo metal daidai da awon, ba a sayo metal sannan a yanka da ka ba. Mai yankan kirki yana barin kusurwar wuyan a zagaye kamar yadda ta zo, don idan ya mayar da ita mai kaifi nan karanshaf zai karye wata rana. Idan zanen ya wuce 020, ko wuyan ya ƙone, a bar shi. Kada ka yarda a cike shi da walda a sake yankawa. Gara a nemo karanshaf na hannu wanda ba a taɓa yankawa ba, tare da kwanrod, kuma sau da yawa wannan ya fi yanka kwanciyar hankali ko da an ɗan ƙara kuɗi.

Sai silinda. Bulok ɗin alminiyom ne da siririyar rigar ƙarfe a ciki, kuma Toyota bai ƙera ta don a rarake ta a faɗaɗa ba. Idan awo ya nuna silindar tana nan daidai, gogewa ce kawai za a yi mata da dutse don sabon ringi ya sami wurin zama. Idan ta zane ko ta buɗe, akwai masu sa sabuwar riga, amma a bulok na alminiyom aikin yana son gwani, kuma rigar da ba ta zauna ba takan sauka ta ƙona gasket. A irin wannan hali na fi son a nemo wani bulok.

Ga inda shawarar bakanikenka ta gaza: ya ce metal da ringi, bai ambaci fistin ba. Sabon ringi a kan tsohon fistin mai toshasshen rami zai koma shan mai. Mafi kyau a sa sababbin fistin. Idan aljihu bai kai ba, a ƙalla a wanke gurbin ringi tas, a buɗe kowane ramin mai, a auna faɗin gurbin. Kowane ringi a sa shi cikin silinda shi kaɗai a auna ratar bakinsa kafin a ɗora a fistin, kuma a karkasa bakunan kada su yi layi ɗaya.

Wanki shi ne aikin da aka fi yi wa sakaci, kuma shi ya fi kashe injin da aka gyara. Garin metal ɗin da ya narke ya bi mai ya shiga ko'ina. Dole a zura burushi cikin ramukan mai na bulok da na karanshaf, a hura da iska, a maimaita har farin ƙyalle ya fito fari. A sauya famfon mai ko a buɗe a auna shi, tare da ƙaramar sarƙar da ke juya shi. A wanke rariya. Akwai ƙaramar raga a kan inji da ke tace man da ke zuwa na'urar VVT-i, wato mai daidaita lokacin buɗewar bawul, mutane da yawa ba su ma san tana nan ba, a cire ta a wanke tare da bawul ɗinta. Sandunan rage girgiza suna da nasu metal, kuma akwai haƙoran roba a giyarsu, a duba su. A sauya robobin bawul, a duba babbar sarƙa da abin da ke ɗame ta.

Kan inji, wato top, a ɗora masa miƙaƙƙen ƙarfe a auna ko ya gantsare. Abin da aka yarda da shi bai kai kashi ɗaya cikin goma na milimita ba. Sannan a kula da zaren notocin top a jikin bulok. Wannan injin an san shi da sakin zare, musamman a layin baya, kuma ya fi yawa a ƙirar kafin 2007 da duk wanda ya taɓa tafasa. Idan noti ya ƙi ɗaurewa, maganinsa sa masa sabon zare na ƙarfe mai tsawo da aka yi don wannan aikin. Cusa noti mafi kauri yakan tsaga bulok. Notocin top da na kwanrod ana ɗaure su ne da sifana mai auna ƙarfi zuwa adadin da littafin injin ya faɗa, sannan a ƙara juyi na digiri 90, bisa tsari daga tsakiya zuwa gefe. Ka tambayi bakanikenka ya nuna maka wannan sifanar. Idan ba shi da ita, kuma bai san Plastigage ba, wato siririn zaren roba da ake matsewa tsakanin metal da karanshaf a karanta ratar, to ba shi ne mai haɗa maka inji ba, ko da ya iya sauran aikin mota.

Kayan gyara kuma nan ne kuɗi ke zurarewa. Taiho da Daido suna yin metal mai kyau, NPR da Riken suna yin ringi, amma kwalayensu na jabu sun cika kasuwa. Ka sayi kaya wurin wanda za ka iya komawa gare shi, kuma kada ka yi rowa a gasket ɗin top. Aikin gaba ɗaya yakan ɗauki mako ɗaya zuwa biyu idan ana jiran masu yanka.

Injin Beljiyam

Amfaninsa sauri ne, kwana biyu ko uku mota ta hau titi, kuma haɗin kamfani ne idan da gaske ba a taɓa buɗe shi ba. Za ka same shi a Ƙofar Ruwa a Kano, Panteka a Kaduna, Apo a Abuja, ko Ladipo a Legas. Amma ka tuna duk injin da zai dace da motarka sa'anta ne a shekaru, ya haura goma sha biyar, kuma daga gidan masu shan man nan ya fito. Kana iya biyan ninki biyu ka sayo ciwon da ya kashe naka. Ga kuma injin da aka cire daga motar gida, aka wanke da fetur aka jera cikin na waje.

Idan nan ka nufa, ka tafi da bakanike wanda kai kake biyansa, ba wanda mai shago zai sallama ba. A fara da lambar da aka buga a jikin bulok. Akwai 2AZ-FXE na Camry mai haɗin lantarki, akwai 2AZ-FSE mai fesa fetur kai tsaye cikin silinda, akwai 1AZ mai lita 2.0, duk suna kama da juna a ido kuma ba ɗaya ba ne. Ko a cikin 2AZ-FE ɗin, na 2002 zuwa 2006 ya ɗan bambanta da na 2007 zuwa 2009. Ka nemi na shekarun motarka. Wanda ya ce a sa maka 2AR mai lita 2.5 na Camry ɗin 2010 yana jawo maka sauya ƙwaƙwalwar mota da wayoyi da doguwar jinya wurin rewaya.

A buɗe murfin bawul. Ruwan zuma ko ruwan ƙasa mai haske alama ce ta juye a kan lokaci, baƙin dasƙararre kuwa a bar musu kayansu. A cire fulogi a jera: wanda ya jiƙe da mai ko ya tara farin toka mai kauri yana nuna silindar da ke ƙona mai. A leƙa ramukan da hayaki ke fita, bushewa ake so, ba danƙo ba. A duba hanyoyin ruwa: ragowar ruwan sanyaya mai launi alheri ne, tsatsa ja kuwa tana nuna ruwan famfo ya sha, wataƙila a nan gida. A duba kawunan noti ko sifana ta taɓa cin su, da gam mai launi daban da ya ɓullo a mahaɗa. A sauke sam a ga ƙasansa. Idan za a iya juya shi da sitata, a auna matsin silinda. Littafin injin ya sa 198 psi (ma'aunin matsi) a matsayin daidai, 142 mafi ƙaranci, bambanci tsakanin silinda kada ya wuce 14. Injin da ya daɗe a ajiye kuma yana sanyi zai iya ba da ƙasa da haka, don haka daidaituwar huɗun ta fi adadin muhimmanci. Wasu masu shago suna shafa fenti a noti su ce in an buɗe babu mayarwa, saboda haka duk buɗewar nan a yi ta a gabansu kafin a biya.

Garanti kuma a rubuta shi a rasit, da lambar injin. A rubuta cewa kwanakin suna farawa daga ranar da aka tayar da motar, ba ranar saye ba, kuma ya haɗa da ƙara, hayaki, zafi da shan mai. Shan mai ba ya bayyana a kwana uku na yawon cikin gari, don haka ka nemi a ƙalla mako biyu, ka cika mai daidai layin sama, ka yi doguwar tafiya, ka sake dubawa a wuri mai daidai da safe. A kuma yi magana tun farko a kan wanda zai biya kuɗin saukewa idan injin bai yi ba.

Kafin a ɗora shi, a sauya sil ɗin bayan karanshaf, don yanzu aikin minti goma ne, daga baya kuwa sai an raba inji da giya. A sa sabon famfon ruwa da tamostat da fulogi. A yi amfani da wayoyi da na'urorin motarka na asali. A tabbata tulun giya, wato zagayayyen ƙarfen da ke haɗa inji da giya ta otomatik, ya zauna har ƙarshe a cikin giyar kafin a haɗa, don idan aka ja shi da noti famfon giya zai fashe, ka fita daga matsalar inji ka shiga ta giya.

Akwai hanya ta tsakiya da ba a ambata maka ba: rabin inji, wato bulok da karanshaf da fistin, a ɗora masa top ɗinka. Idan naka top ɗin lafiyayye ne wannan yana da fa'ida, don kana ganin cikin silinda da idonka kafin ka biya, kuma za a iya sa masa sababbin fistin da ringi kafin a rufe. Tsohon injinka ma kuɗi ne, kada ka bar shi a gareji a matsayin kyauta sai da saninka.

Lissafin sayarwa

Shawarar yayanka tana da lissafi mai sauƙi. Ka tambayi dillalai biyu ko uku nawa motar za ta yi tana tafiya lafiya, nawa kuma za a saye ta a yadda take. A ce tana tafiya ɗari ce, a mace sittin. Idan gyaran da duk tarkacensa ashirin da biyar ne, gyara ya fi, ko da sayarwa za ka yi daga baya. Idan ya kai arba'in, babu riba babu asara. Idan giya ma tana jiran nata, ko ƙasan motar ya ruɓe, ko takardun kwastam ba su cika ba, sayarwa ta fi. Ka ƙara kashi ɗaya cikin biyar a kan duk kuɗin da aka yanka maka, don mai da filta da ruwan sanyaya da robobin da za su karye a hannu ba sa shiga ƙiyasin farko. Mai sayen motar da injinta ya buga yakan cire kuɗin inji mafi tsada, ya cire ribarsa, don haka mai sayarwa a mace kusan kullum shi ke ƙasa. Sannan kuɗin da za ka karɓa ba zai saya maka irinta mai tafiya ba, sai wadda ba ka san tarihinta ba. In kuma ka sayar, ko yanzu ko bayan gyara, ka faɗi abin da ya same ta, ɓoye aibin kaya ba halal ba ne.

Tunda ka ce giyar lafiya, a tabbatar: a duba manta, ja ko ruwan ƙasa mai haske ake so, ba baƙi mai ƙaurin ƙuna ba.

Inda na karkata

Idan bulok bai tsage ba, manyan metal ba su juya ba, silinda tana cikin awo, kuma motar ba ta taɓa tafasa ba, ni gyara zan ce ka yi, da sababbin fistin, da karanshaf da aka yanka sau ɗaya ko na hannu da ba a taɓa ba, a hannun wanda ke aiki da awo. Ita ce hanyar da ke kashe shan man daga tushe. Idan ɗaya daga cikin sharuɗɗan nan ya faɗi, ko babu irin wannan bakaniken kusa da kai, ka koma rabin inji ko cikakke, da dubawar da na lissafa.

Ko wanne aka yi, kafin tayarwar farko a cire fulogi, a kashe fetur, a juya da sitata har fitilar mai ta mutu. A sa geji na gaske a auna turin mai bayan inji ya yi zafi. A wanke lagireto, a zuba ruwan sanyaya maimakon ruwan famfo, a mayar da tamostat idan an taɓa cire shi, don yana buɗewa ne wajen digiri 82 kuma injin da ke aiki a sanyi ya fi tara gawayi a ringi. Fanka ta koma tashi da kanta, ba haɗin kai tsaye ba. Murfin man waɗanda aka shigo da su daga Amurka yana ɗauke da 5W-20 ko 0W-20. A zafinmu 5W-30 na gaske ya wadatar a ganina, 20W-50 kuwa ya yi wa ƙananan ramukan injin kauri. Injin da aka sake haɗawa a juye masa mai da filta bayan kilomita 500 zuwa 1,000 na farko, kada a cika masa kaya, kada a bar shi yana aiki a tsaye na dogon lokaci, kuma a rinƙa sauya gudu maimakon riƙe shi wuri ɗaya. Daga nan ka rinƙa zaro gejin mai duk mako, da kuma kafin kowace doguwar tafiya.

Idan bulok aka sauya, lambar injin da ke takardun motarka ta daina dacewa da wadda ke jikinta. Ka ajiye rasit mai ɗauke da sabuwar lambar da adireshin shagon, ka kai ofishin lasisin mota a gyara takardun kafin wani ya tsayar da kai a hanya ya gwada su.